Tambaya da Amsa: Ina shan maganin olsa, amma ƙwannafi ya ƙi barina

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina shan farin ruwan maganin olsa na kemis, da omeprazole duk sanda ciwo ya taso. Sai ya lafa, an jima ya dawo. Mahaifiyata ta ce in jiƙa kanwa in sha. Ina kuma shan ƙwayar ƙarin jini. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba ki lafiya. Farin ruwan nan, irin su Gestid ko magnesium trisilicate, asid ɗin da ke cikin tumbi a lokacin kawai yake kashe wa kaifi. Nan take za ki ji sauƙi, amma da wuya ya wuce awa biyu. Mai magnesium kan sa gudawa, mai aluminium kuma ya ƙulle bayan gida.

Omeprazole ba maganin "sha yanzu" ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Hana tumbi fitar da asid ɗin yake yi, sai ya yi kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya kankama. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 ake haɗiya kullum, ba a tauna ta, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, da azumi kuma kafin sahur. Kada ki wuce kwana 14 ba da sanin likita ba.

Farin ruwan yana kama ƙwayar ƙarin jini ya hana jiki tsotse ta, haka ma yake yi wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su doxycycline da ciprofloxacin. Ki sha ƙarin jinin aƙalla awa biyu kafin shi. Kanwa kuwa, don Allah ki bar ta, tana da gishirin sodiyam mai yawa da ke tayar da hawan jini.

Abin da ya fi damun mu shi ne wata ukun nan. Sau da yawa ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce sanadi, kuma babu ɗaya cikin magungunanki da ke kashe ta. Ki je asibiti a yi gwajin bayan gida ko na numfashi, ki faɗa musu kina shan omeprazole, don yakan ɓoye sakamakon. In an same ta, akan haɗa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu ko fiye, a sha kwana 14 cif.

Ki guji diclofenac da ibuprofen, suna cin bangon tumbi. Ƙarin jini kansa kan baƙanta bayan gida, amma in ya fito baƙi mai danƙo kamar kwalta, ko kika yi aman jini, ko rama ta kama ki, ki tafi asibiti a ranar.