Amsoshin Wasiƙunku: Shirin Hunturu da Ɗan Abin da Ke Hannu

Tun da Nuwamba ta kama, hazo ya fara sauka a Kaduna, wasiƙun da ke zuwa kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda za a tari sanyin Disamba da Janairu alhali kuɗin makaranta da na cefane sun riga sun cinye albashi.

Wani magidanci daga Unguwar Sanusi ya rubuto cewa yana da mata da yara huɗu, abin da ya ware kuma bai isa a saya wa kowa bargo ba, shi ne yake tambayar da me zai fara.

Malam, kada ka fara da kasuwa. Ka zagaya gidanka da almuru ka ji ta inda iska ke shigowa, domin yawancin sanyin da ke damun iyali ta gilashin taga da ya fashe yake shiga, ko ta ƙarƙashin ƙofa, ko ta silin da ya ɓule tun damina. Kwali mai kauri yana maye gurbin gilashin da ya fita, tsohon zane idan aka ninka shi ya zama labule, tsumma kuma a naɗe shi a tokare ƙasan ƙofa. Idan yara a ƙasa suke kwana, a shimfiɗa kwali ko buhu kafin tabarma, saboda siminti yana zuƙe ɗumin jiki. Bayan haka sai ka nufi Kasuwar Barci tun kafin Disamba ta kama farashi ya tashi, ka nemi ranar da ake kwance dila, ka fifita safa da hula da rigunan sanyi na yara. Riga biyu marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, saboda iskar da ke tsakaninsu. A wanke kayan gwanjo a shanya a rana kafin a sa. Amma ko da wasa kada a toshe ɗaki ruf, musamman inda ake kwana da yawa, domin lokacin rani ne sanƙarau ke yaɗuwa, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa kuwa yana taimaka masa.

Wata mai jego daga Rigasa, haihuwar fari, ta ce jaririnta satinsa uku, surukarta kuma ta nace a riƙa shigo da kaskon gawayi ɗaki da dare a rufe ƙofa. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, amma tana jin nauyin yi wa Inna musu.

'Yata, Allah Ya raya, kuma tsoron nan naki yana kan hanya. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, jariri ma ya fi kowa saurin galabaita. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Inna ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, don haka ki bar maigidanki ya yi mata bayani cikin ladabi, a mayar da kaskon tsakar gida a ji ɗumi a can. Jariri kuma a sa masa hula da safa, ki riƙa rungume shi a ƙirjinki fata da fata, a jinkirta wankansa sai hantsi ya dubi ludayi. Kada a zuba kafur a cikin kayansa, domin yana jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Idan kika ga numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Wani saurayi daga Barnawa yana so in zaɓa masa na'urar ɗumama ɗaki, wai zai karɓa bashi ya biya ƙarshen wata. Samari, a Kaduna kake, ba a Rasha ba, ko Jos ma ba ka kai ba. Na'ura mai wat 2,000 tana shan yunit biyu a kowace awa, ka lissafa da kanka abin da mitarka za ta ce kafin sati ya zagayo. Ka sayi bargo.

Sai wata ɗaliba daga Hayin Banki da ta tambayi ko akwai bambanci tsakanin hitar dafa ruwa mai araha da mai tsada, tunda duk ruwa suke dafawa, kuma ko za ta iya jona ta a ekstenshan ɗin da take cajin waya.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ce tambayar da ke hana ni sukuni kowace shekara. A'a, ba za ki jona ba. Filogi mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne, wannan ma idan na gaske ne, hitar ruwa ita kaɗai kuwa tana iya jan wat 1,000 ko fiye. Ekstenshan ɗin da ake tallarsa a baro, mai fitilu kala-kala da ramuka shida, idan aka fere wayarsa sai a tarar da 'yan silille kamar gashin masara, wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa launi. Siririyar waya idan aka ɗora mata nauyi zafi take yi, robar jikinta ta narke, a kusa da ita kuma ga labule ga katifar soso da iskar hunturu ta busar ƙayau. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum zai saka dubban nairori a wayar hannu da kaya na fita biki, amma a kan abin da zai kwana a jone kusa da kan 'ya'yansa sai ya tsaya yana neman mafi araha, yana murna an rage masa ɗari biyu. Araha ba ta ado, a harkar lantarki kuwa har rai take ci.

Gwajin ba shi da wuya. Waya ta gaske tana da nauyi a hannu. A kankare bakin silin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙasa to shafe ne, idan kuma maganaɗisu ya kama shi to baƙin ƙarfe ne. Filogi ya kasance mai ƙafa uku da fis a ciki. Tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya a jikin kwali yana da amfani, amma masu jabu ma sun iya buga tambari, saboda haka a saya a shago mai mazauni, a Kasuwar Sheikh Gumi ko a unguwa, inda za a iya komawa a yi magana. Hita a jona ta kai tsaye a soket na bango, a tsaya a kanta har ruwan ya yi zafi, kada a sa hannu a bokiti tana jone, kada kuma a bar yaro kusa. Babbar masifar ita ce a jona ta a ɗauke wuta, a manta a fita ko a kwanta, sai a dawo da wutar tsakar dare, ruwan ya ƙone, bokitin roba ya kama. Duk wanda ya taɓa zama da 'yan kwana-kwana ya ji wannan labarin, kuma kun san yadda lungunanmu suke, motarsu ba ko'ina take shiga ba. Da zarar an ɗauke wuta, a zare komai daga bango kafin a nemi tocila. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, ya dafa ruwa a murhu da daddare ya zuba a fulas, da asuba ya sirka na alwala.

Wata uwa daga Kawo ta ce ƙafafun yaranta sun fara kaushi, man shafawar da ta saba saya kuma ya yi tsada. Hajiya, man kaɗanya ya wadatar, a shafa da zarar an fito wanka jiki bai gama bushewa ba, da dare kuma a ƙara a dunduniya a sa safa. Basilin ɗin da ake aunawa a roba marar suna kuma marar lambar NAFDAC, ki bar wa mai shi kayansa.