Wai akwai duniyar da shekararta ba ta kai wuni ɗaya ba?

TAMBAYA: Salam Malam, yarona ɗan sakandare ne ya dawo gida yana ta ba ni labari wai akwai wata duniya da take zagaye ranarta cikin awa takwas, ni dai na ce masa ƙaryar waya ce. Don Allah gaskiya ne? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, wallahi yaronki ya yi gaskiya, ki ƙara masa nama a tuwon dare. Sunanta Kepler-78b, a 2013 aka gano ta, kuma awa 8 da rabi take gama zagaye tauraronta da yake a matsayin ranarta, wato in ta fara lokacin da kuka idar da asuba kafin a kira la'asar ta cika shekara guda cif. Mu sai mun yi kwana 365, ko duniyar Makyuri da ta fi kowa kusa da ranarmu sai ta yi kwana 88.

Kusanci ne ya jawo haka, tsakaninta da tauraron bai kai kilomita miliyan 2 ba, mu kuwa da rana miliyan 150 ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dutse da ƙarfe ce kamar tamu, girmanta ma kaɗan ya fi na duniyarmu, amma zafin gefen da ke kallon tauraron ya haura digiri 2,000. Je ki Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, ki ga masu narka ƙarfe yadda yake kwarara jawur kamar kunu, to ƙarfe a wajen digiri 1,500 yake narkewa, can kuwa ƙasar da za a taka ita kanta ta narke.

Ba wanda ya ɗauki hotonta fa, nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 400. Na'urar hangen nesa ta Kepler da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 2009 ce ta lura hasken tauraron yana ɗan dushewa duk bayan awa 8 da rabi, kamar ƙwaro ya gifta gaban fitila, daga baya aka auna yadda take ɗan jijjiga tauraron aka gane nauyinta.

Don Allah Hajiya kar ki kashe masa gwiwa, in hutu ya zo kuka sami dama ki kai shi planetarium, wato gidan da ake haska hoton taurari a jikin rufi, ya gani da idonsa.