Motata Tana Zafi a Gosulo, In Cire Tamostat?

TAMBAYA: Salam Malam, tsohuwar Corolla ce gare ni, daga Samaru nake shiga Sabon Gari aiki kullum. In na hau titin Kaduna lafiya lau allurar zafin inji tana tsakiya, amma da na shiga gosulo a Kwangila ko PZ sai ta fara hawa har wajen ja, kuma kusan kowace safiya sai na ƙara fiya wata ɗaya ko biyu a lagireto. Bakanikena yace a cire tamostat a haɗa fanka darek, in yarda?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka yarda tukuna. Ai da bakinka ka faɗi inda ciwon yake, in kana gudu iska ce take dukan lagireto tana sanyaya ruwan, da ka tsaya kuwa aikin ya koma kan fanka, to in bata juyawa dole allura ta hau. Gwada a gida, tayar da mota ka kunna AC ka ɗaga bonet ka leƙa, in fanka shiru a duba fiyus da rile da sensa kafin ace maka injin da ke juya fankar ne ya mutu. A wanke gaban lagireto ma, ƙurar hunturu na toshe shi.

Shi kuwa tamostat ba ado bane, shi ke riƙe inji a zafin da yake so, wajen digiri 90. In ka cire, da sanyin safiya inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan mai. In ya maƙale a saka sabo kawai.

Amma wallahi ruwan nan da kake ƙarawa kullum ya fi damuna, don lafiyayyar mota bata shan ruwa haka, akwai inda yake bi. Fara da murfin lagireto, juya shi ka kalli robar, in ta tsage ko ta bushe canza shi, murfin nan ne ke matse ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Sannan ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji ya kwana, da safe ka ga inda ya jiƙe, ko tiyo ne ko wata famfo (famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji). In babu ɗigo amma salansa na farin hayaƙi, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ganshi kamar shayi da madara, gaskit ne (shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji), ajiye motar.

Bayan gyara a zuba kulan (ruwan sanyaya inji na musamman), ruwa zalla tsatsa yake kawowa, balle na rijiya.

In ta sake yi maka a hanya kashe AC, gangara gefe ka kashe inji. Don Allah kar ka taɓa murfin sai bayan minti 30 ko fiye, ruwan na iya feso maka a fuska, kuma kar ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan silinda na iya tsagewa.