Shin da gaske bishop ya taɓa zama a gidan gandun ƙauyen Lyddington?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon gidan dutse a ƙauyen Lyddington na gundumar Rutland a Ingila, an ce fadar bishop ce. Ta yaya babban mutum irin wannan zai bar birni ya tare a ƙauye? Ko dai gandunsa ne kawai aka kambama?

Amsa: Shakkarka tana kan hanya, domin mallakar gandu daban, zama a cikinsa daban. Bishop-bishop na Ingila a zamanin da suna da gandaye barkatai da ko ƙafa ba su cika sa wa ba, wakili ne ke tara amfani ya aika musu. Amma na Lyddington ba ya cikin waɗannan. Masaukin bishop-bishop na Lincoln ne na gaske.

Dalili shi ne faɗin ƙasa. Yankin da bishop na Lincoln ke kula da shi ya taso daga kogin Humber har kogin Thames, tafiyar kwanaki a kan doki. Wanda ya kame a birnin Lincoln, can kusurwar arewa, ba zai san halin da limaman kudu ke ciki ba. Sai ya zama kullum yana hanya, kamar sarki a rangadi, da malaman rubutu da barori da dawakai. Ya sauka a gandu guda, a ci hatsin rumbu da kifin tafki, in sun yi ƙasa a ɗaura kaya sai na gaba. Kai bakuna wurin abinci ya fi sauƙi a kan jigilar abincin zuwa birni. Lyddington kuwa yana wajen tsakiyar yankin. Haka ma suna da masauki a Buckden, wani ƙauyen, inda Bishop Robert Grosseteste na Lincoln ya rasu a 1253.

Hujjar da na fi dogara da ita ba ginin ba ne, kundin bishop ne. Al'adarsu ce a rubuta rana da wurin da aka ba da takarda a ƙarshenta, don haka in sunan ƙauye ya yi ta maimaituwa, ka san mai gidan yana kwana can. Ginin ma bai yi shiru ba: babban ɗakin bene yana da sassaƙen katako da ya zagaye bakin rufi, ga tambarin bishop a gilasan tagogi. Ba wanda zai yi wa wakilin gona wannan ado.

Sai dai abin da ka gani a hoto ɓangare ɗaya ne kawai na fadar, sauran ya rushe. A 1547 gidan ya koma hannun sarautar Ingila, daga baya iyalin Cecil suka same shi. A 1600 Thomas Cecil ya mai da shi gidan gajiyayyu, maza 12 da mata 2, aka yanka ƙananan ɗakuna a ƙasa, kowanne da ɗan murhunsa. Hukumar English Heritage, mai adana wuraren tarihi a Ingila, ce ke kula da shi yanzu.