Ku Tambayi Likita: Tiyatar Kyauta ta Baƙin Likitoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 60, ya daɗe yana fama da ƙaba, har ta sauka maraina. An yi shela a masallaci cewa likitoci za su zo daga Turai su yi mako guda suna aiki kyauta. Mu kai shi? Tsorona kada su koyi aiki a jikinsa. (Daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku kai Baba. Aikin ƙaba na cikin waɗanda irin wannan ayari ya fi ƙwarewa a kai, domin yawanci bai wuce awa ɗaya ba, kuma allurar baya ko ta kashe wurin ta isa, ba sai an sa mutum barci ba. Ƙungiyar Operation Hernia ma, mai kawo baƙin likitoci su yi aikin ƙaba, a Takoradi ta fara, a 2005. Maganar koyon aiki kuwa, doka ta ce duk likitan da ya zo daga waje sai Majalisar Likitoci ta Ghana ta yi masa rajistar wucin gadi kafin ya taɓa majinyaci. Kana da damar tambayar shugaban asibitin ko an yi hakan.

Amma tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: wa zai duba ciwon bayan sun tafi? Baƙo raɓa ne. Matsalolin tiyata ba sa fitowa ranar da aka yi ta. Idan wurin zai ɗauki ƙwayar cuta, galibi sai daga kwana na uku zuwa na bakwai ake gani, lokacin baƙin sun haɗa kayansu. Saboda haka kada Baba ya kwanta sai kun san sunan likitan gida da ke aiki tare da su, da ranar dawowa, kuma a ba ku takarda mai bayanin aikin da aka yi, wane gefe, da ko an sa raga. Ayarin da ya kasa amsa wannan, a ganinmu, gara a haƙura da shi.

Ragar nan ita ce ke toshe raunin bangon ciki. Ana shimfiɗa ta a ɗinke, nama ya tsiro ya riƙe ta, kuma ita ta sa ƙaba ba ta cika dawowa ba kamar a zamanin ɗinki zalla. Za ka iya jin ana cewa gidan sauro ake sa wa mutane. Akwai ƙamshin gaskiya: wasu ayari suna amfani da wani yadi irin na gidan sauro, marar maganin ƙwari, da aka gasa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta. Gwajin da aka yi a Uganda, aka wallafa a 2016, ya nuna sakamakonsa bai bambanta da na raga mai tsada ba.

Ranar tantancewa ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na kwalba. Aspirin da sauran masu tsinka jini suna sa zubar jini, likita ne zai faɗi ranar dakatar da su. Idan hawan jini ya kai 180/110, ko suga ya yi sama, za a ɗage aikin. Tsohon tari, taurin bayan gida da yunƙuri wajen fitsari su ma a faɗe su, don su ne ke tura ƙaba ta sake ɓullowa. Awa shida kafin aiki babu abinci, kuma koko abinci ne, ko da an tsinka shi. Ruwa zalla an yarda har zuwa awa biyu kafin a shiga. Dalili shi ne abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu.

Bayan aiki ya riƙa takawa tun washegari, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi na mako huɗu zuwa shida. Idan dako ko turin baro yake yi a kasuwar Kejetia, ku 'ya'ya ku ɗauke masa cefane na wannan lokaci. Kada a shafa man kaɗe ko ƙulli a wurin, kada a gasa da ruwan zafi. Ɗan kumburin maraina ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi, mugunya, ja mai yaɗuwa ko kasa fitsari, a koma asibiti a ranar.

Kafin baƙin su iso, idan kumburin ya ƙi komawa ciki, ya yi tauri, ga ciwo da amai, babu bayan gida babu tusa, to hanji ya shaƙe, kuma cikin 'yan awoyi yake mutuwa. Ku garzaya sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Na kai jaririna mai wata biyu, mai tsagaggen leɓe, aka ce bai kai ba, na dawo ina kuka. Sun tafi ke nan? (Wata uwa daga Asawase)

Amsa: 'Yar'uwa, share hawayenki, gata suka yi masa. Tsohuwar ƙa'idar ita ce jariri ya cika mako 10, nauyinsa ya kai kusan kilo 4.5, awon ƙarfin jininsa (haemoglobin) ya kai 10. Ƙasa da haka maganin barci yana da haɗari. Mura ko tari ma suna sa a ɗaga, domin maƙogwaron yaro yana iya tsukewa ana cikin aiki. Kuma ba sai kin jira baƙi ba: Komfo Anokye yana da asibitin masu tsagaggen leɓe da ke aiki duk shekara, tare da tallafin ƙungiyar agaji ta Smile Train.

Aikinki yanzu shi ne ƙiba. Ki riƙe shi a zaune lokacin shayarwa don kada nono ya biyo ta hanci. Idan ba ya iya kamawa, ki tatsa ki ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, kaɗan-kaɗan, duk awa biyu zuwa uku, kina sa shi gyatsa a tsakani saboda yana haɗiyar iska. Kada ki fasa zuwa awo. Leɓe ana gyara shi daga wata uku zuwa shida. Idan tsagar ta kai ganɗa, wannan aiki ne na biyu, tsakanin wata tara da 18, kafin magana ta zauna. Iyaye da yawa suna ganin fuska ta gyaru sai su ƙi dawowa, yaro ya tashi yana magana ta hanci. Ranar aiki, nonon uwa a tsaya awa huɗu kafin lokaci, madarar gwangwani awa shida.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi kuɗi ya sa sunana a jerin aikin yanar ido. In ba shi? (Daga Nima, Akra)

Amsa: A'a, Malam. Likita ne ke sa suna bayan ya duba idon, domin ba kowace makanta ce yana ba. Wadda hawan jinin ido ya jawo, tiyatar yana ba ta dawo da ita. Ka je asibitin da kanka, ka tambayi abin da kyautar ta ƙunsa, don wani lokaci gwajin jini, ɗigon ido da kuɗin mota suna kanka. Ka sabunta katin inshorar lafiyarka ta hanyar danna *929# a wayarka tun yanzu. Cire yana da aikin ƙaba duk suna cikin abin da katin ke biya, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba.