Amsa: Me ake nufi da "askance"?

Malam, kalmar Turancin da ka ci karo da ita a jarida kake tambayar ma'anarta, "askance", ana furta ta "askans", ƙarfin murya a kan gaɓa ta biyu. Ma'anarta ta asali kallo ta wutsiyar ido, ba tare da an juyo fuska ba. Daga nan ta koma nufin kallon tuhuma ko rashin yarda. Kusan kullum tare take zuwa da "look": in an ce "look askance at" wani abu, ana nufin ba a amince da shi ba, ko da babu ido a zancen. Kada ka fassara ta da harara, harara ta fi ta zafi. Kallon hadarin kaji kuma raini ne zalla, "askance" kuwa shakku ne.

Ta shiga rubutun Turanci da ma'anarta ta asali wajen shekarun 1530. Masana ba su daidaita kan tushenta ba: wasu na danganta ta da tsohuwar kalmar "ascaunce" mai nufin "kamar dai", wasu da Italiyanci. Yau ta ɗan tsufa. Matasan Amurka "side-eye" suke cewa, wadda ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar a 2017.