Mafarkin ana bina da gudu ya ƙi rabuwa da ni

'Yar'uwa, kin ce kusan wata uku ke nan kina mafarki ɗaya: ana binki, ƙafafunki sun yi nauyi, ki farka zuciya na bugawa. Sannu, ni ma na sha irinsa bayan rasuwar mahaifina.

Irin wannan mafarki yakan biyo bayan wata damuwa da ba a warware ba, kamar bashi, rashin jituwa a gida ko wani firgici da aka taɓa shiga. A lokacin barcin da aka fi yin mafarki, jiki yana sassauta tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, shi ya sa wasu ke danganta nauyin ƙafa da wannan.

Abin da ya taimake ni: da rana ki rubuta mafarkin, ki sauya masa ƙarshe yadda kike so, misali kin juya, mai binki ya tsaya. Ki riƙa hasko sabon labarin a ranki minti 10 zuwa 20 kullum. Likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan hanya. Ki rage goro, shayi da kofi daga la'asar. Idan kin farka, ki nemi tsari, ki yi tofi ta hagu sau uku, ki juya kwanciya kamar yadda hadisi ya koyar.

Don Allah kada ki fara zargin wata da maita, kuma kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki.

Idan mafarkin ya fara ne bayan hari ko haɗari, ko bayan wani sabon magani, ko har kina tsoron kwanciya, ki ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware (jihar Sakkwato) da Maiduguri.